Waiwaye: Jinyar Lantarki ga Masu Taɓin Hankali, Daga Budapest Zuwa Karshi

A Karshi, kamar a yawancin garuruwanmu, idan saurayi ya fara zance shi kaɗai, yana amsa kiran da babu wanda ya ji, ko ya daina cin tuwon gidansu don ya haƙƙaƙe an barbaɗa masa wani abu, ba asibiti ake fara nufa da shi ba. Ruƙiya ce farko, sai rubutu, sai hayaƙi, sai wani mai magani da aka ba da labarinsa a wajen Keffi. Sai abin ya ci tura, an sayar da akuya an ci bashi, sannan a nemi mota a bi ta Orozo da Kurudu da Jikwoyi zuwa Karu, inda Babban Asibitin Karu yake da sashen masu taɓin hankali. Wasu a wuce da su Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar Abuja, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko a miƙe har Barnawa a Kaduna, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake. Mafi yawansu ƙwayoyi da allura za a ba su, su samu sauƙi su koma gida. Amma akwai 'yan kaɗan da ƙwaya ba ta taɓa ciwonsu, kuma a kan irinsu ne wata rana likita zai zaunar da dangi ya kawo maganar jinyar lantarki, wadda mutane suka fi sani da shokin. Nan take fuskar uba ke sauyawa: "Likita, wuta za ku jona wa yaron nan a ka?"

Tsoron nan yana da tushe, domin an daɗe ana yin wannan jinya ta hanyar da ta cancanci a ji tsoronta. Sai dai abin da ake yi yau ya yi nisa da na da, kuma duk wanda za a miƙa wa takarda ya sa hannu, ko ya ƙi, yana da haƙƙin sanin yadda aka faro.

Ciwon da ake magana a kai shi ne sikizofiriniya, sunan da likitan Suwizalan Eugen Bleuler ya raɗa masa a 1908. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana kama kimanin mutum 1 cikin 300, kuma yakan faɗo wa mutum ne a ganiyar ƙuruciya, lokacin da ake shirin sana'a ko aure. Mai shi yakan ji muryoyi, ya riƙe zargin da babu hujjar da za ta kawar, zancensa ya wargaje, ko kuma ya janye daga mutane ya bar wanka da aiki. Akwai kuma wani yanayi mai tsanani da likitoci ke kira katatoniya, wato sandarewa: mutum ya ƙame wuri guda, ba magana, ba ci, ba sha, in ka ɗaga masa hannu sai ya bar shi a sama. Da irin waɗannan marasa lafiya aka cika gidajen mahaukata na Turai a farkon ƙarni na 20, kuma babu wani magani da ake da shi a lokacin.

Wani likita ɗan ƙasar Hangare mai suna Ladislas Meduna shi ya fara buɗe ƙofar. Aikinsa duba ƙwaƙwalwar gawa ne ta madubin likita, kuma ya lura cewa wasu ƙwayoyin halitta masu tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun yi yawa a masu farfaɗiya, sun yi ƙaranci a masu sikizofiriniya. Ya haɗa wannan da abin da wasu likitoci suka ruwaito, cewa mai taɓin hankali yakan ji dama bayan ya yi jijjiga. Sai ya yanke cewa cututtukan biyu abokan gaba ne, in aka tayar da ɗaya zai kori ɗaya. A watan Janairun 1934, a wani asibiti a Budapest, ya fara yi wa marasa lafiya allurar kafur don ta jawo musu jijjiga. Cikinsu har da wani mutum da ya shekara huɗu a sandare; bayan 'yan allurai ya tashi ya yi magana ya nemi abinci. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cututtukan biyu ba su da wata gaba, suna ma iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Dalilin Meduna ya rushe, amma abin da ya gani da idonsa a kan sandararru ya tabbata har yau.

Matsalar ita ce allurar. Daga kafur an koma wani sinadari mai suna Metrazol, wanda ya fi sauri, amma kafin jijjigar ta zo mara lafiya kan shiga firgici kamar ransa zai fita, yana sane da komai. Da yawa sukan roƙi kada a sake. Wannan ne ya sa Ugo Cerletti da mataimakinsa Lucio Bini a Jami'ar Roma suka fara tunanin lantarki. Gwajinsu na farko a kan karnuka ya kashe da yawa, saboda wutar na ratsa zuciya. Bini ya gane cewa in aka ɗora wayoyin a gefe biyu na kai, wutar ba ta bi ta ƙirji. Suka kuma je mayankar Roma suka ga ana sumar da aladu da lantarki a ka kafin a yanka su, kuma wutar ba ita ke kashe su ba. In an ƙyale dabbar takan farfaɗo ta tashi. A watan Afrilun 1938 suka gwada a kan wani mutum da 'yan sanda suka tsinta a tashar jirgin ƙasa ta Roma yana sambatu. Bayan jerin jinya hankalinsa ya dawo har aka sallame shi. Babu wanda ya nemi yardarsa, kuma wannan tabo ya bi jinyar shekaru da dama.

Na'urar tana da arha, tana da sauƙin sarrafawa, don haka cikin 'yan shekaru ta bazu a Turai da Amurka da ƙasashen da Turawa ke mulka. A nan ne ɓarnar ta auku. Ana yi wa mutum ido biyu, ma'aikata sun danne shi, jijjigar ta girgiza dukkan jiki har ƙashin baya ya tsage, ko muƙamuƙi ya goce, ko haƙori ya karye. A wasu gidajen mahaukata masu cunkoso an mayar da ita abin ladabtar da mai gardama. Fim ɗin Amurka na 1975 da Jack Nicholson ya fito a ciki a matsayin mara lafiyar da aka yi wa shokin don a karya shi ya dasa wannan hoto a zukatan miliyoyi, kuma ba ƙarya ya ƙaga ba.

Gyaran ya fara da wuri, ko da yake bai isa ko'ina lokaci guda ba. A 1940 wani likita a Amurka, A. E. Bennett, ya yi amfani da kurare, dafin kibiyar mafarautan Kudancin Amurka, don sassauta tsoka. A farkon shekarun 1950 aka samu allurar da ta fi shi aminci, wadda ke saki jiki na 'yan mintoci, aka haɗa ta da allurar barci da iskar oksijin. Tun daga nan mara lafiya yana barci ake yi, jijjigar na faruwa a cikin ƙwaƙwalwa, a waje kuwa da ƙyar ka ga yatsun ƙafa na motsi. Daga baya aka sauya irin wutar kanta zuwa gajerun bugu, aka kuma koyi ɗora wayoyin a ɓangaren dama kaɗai don rage mantuwa.

A daidai wannan lokaci Najeriya ma tana sauya hanya. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907, suka kafa dokar mahaukata a 1916, amma waɗannan wurare na tsarewa ne, kuma a wurare da yawa, har da Arewa, gidan yari ne makomar wanda aka ga yana da haɗari. Sauyi ya zo da Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya da ya yi karatun zamani. A 1954 ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abekuta: mara lafiya ya zo da wani nasa, a sauke su a gidajen mutanen ƙauye, da rana ya je asibiti a yi masa jinya, ciki har da ta lantarki, da yamma ya koma cikin jama'a. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. Ina ganin wannan tsari ya fi dacewa da rayuwar gari irin Karshi fiye da doguwar katanga, domin a wurinmu mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, kuma shawarar jinyarsa ba ta mutum ɗaya ba ce.

Sai kuma ƙwaya ta shigo. A 1952 a Faris, Jean Delay da Pierre Deniker suka nuna cewa kulofuromazin, wanda muka sani da Largactil, yana kwantar da muryoyi da zargi. Cikin shekaru kaɗan magungunan irinsa suka zama ginshiƙin jinyar sikizofiriniya, kuma haka suke har yau. Lantarki ta ja baya daga ciwon da aka ƙirƙire ta dominsa, ta koma inda aka gano ta fi ƙarfi, wato ciwon damuwa mai tsanani wanda ke kai mutum ga ƙin abinci ko neman halaka kansa. A Turai da Amurka yanzu masu wannan ciwo ne suka fi samun ta. A Asiya da Afirka kuwa masu sikizofiriniya sun ci gaba da zama kaso babba na waɗanda ake yi wa.

To, me wutar take yi a cikin kai? A nan ne binciken ya fi ɗaukar hankali, kuma a nan ne jita-jita ta fi yawa.

Abu na farko da aka tabbatar shi ne jijjigar ce ke aiki. A 1960 wani likita ɗan Suwidin, Jan-Otto Ottosson, ya nuna cewa in aka ba da maganin da ke gajarta jijjigar, amfanin jinyar na raguwa, in kuma aka ƙara wuta fiye da buƙata, mantuwa ce ke ƙaruwa. Wutar da ake sakawa ba ta kai amfiya ɗaya ba, ta 'yan daƙiƙoƙi ce, kuma ƙashin kai na tare kaso mai yawa. Abin da ya shiga shi ke sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su harba gaba ɗaya na kimanin rabin minti zuwa minti guda. Daga nan ƙwaƙwalwa da kanta take kashe jijjigar, ta hanyar sakin sinadaran da ke kwantar da jijiya, musamman wanda ake kira GABA. Harold Sackeim da abokan aikinsa a New York sun nuna tun shekarun 1980 cewa yayin da jinyar ke tafiya, wutar da ake buƙata don tayar da jijjiga tana ƙaruwa. Ƙwaƙwalwa na ƙara ƙarfin birkinta. Kamar unguwar da gobara ta taɓa tashi ce: maƙwabta sun fito da bokitai sun kashe, daga ranar kuma kowa da ruwa a kusa yake kwana. Masana da yawa na ganin wannan ƙarin natsuwa ne ke kwance sandarewa, domin maganin farko da ake ba sandararre, lorazefam, ta hanyar GABA ɗin yake aiki.

Abu na biyu ya shafi ginin ƙwaƙwalwar. Shekaru da yawa masu adawa na cewa shokin yana ƙona ƙwaƙwalwa. Da na'urar hoto ta MRI ta samu, aka duba ba a ga ƙuna ko mutuwar jijiyoyi ba. A 2000 masu bincike a Suwidin da Denmak suka nuna cewa jijjigar lantarki na haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera mai suna hifokamfas, wanda ke riƙe sabon abin da aka koya. A 2010 Pia Nordanskog da abokanta a Suwidin suka auna wannan sashe a mutane kafin jinya da bayanta, suka ga ya ƙara girma. Wannan ya ja hankali ga sikizofiriniya, domin a masu ita wannan sashe kan ɗan kasance ƙarami fiye da na sauran mutane. Binciken da aka yi a Jamus da Sin a kan masu ciwon ya sami irin wannan ƙari a hifokamfas da sassan da ke maƙwabtaka da shi, tare da sauyi a yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo. Ana kuma ganin ƙaruwar sinadarin da ke ciyar da jijiyoyi ya taimaka musu su yi sababbin rassa.

Sai dai kada a yi saurin murna. Yawan ƙarin girman ba ya tafiya daidai da yawan sauƙin da mara lafiya ya samu, kuma bayan watanni yakan koma kusan yadda yake. Yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi, waɗanda kuma suna shan ƙwayoyi a lokaci guda. Ga wani abu ma mai ɗaure kai: magungunan sikizofiriniya suna aiki ne ta toshe hanyar sinadarin dofamin, lantarki kuwa ba ta toshe ta, amma tana taimakon wasu da magungunan suka gaza a kansu. Wannan na nuna ciwon ya wuce maganar sinadari ɗaya.

Farashin da ake biya shi ne mantuwa, kuma duk likitan da ya ɓoye wa dangi wannan bai kyauta ba. Bayan farkawa akwai ruɗewa da ciwon kai na ɗan lokaci. Wahalar riƙe sabon abu takan wuce cikin makonni. Amma abubuwan da suka faru a watannin da ke kusa da jinyar na iya ɓacewa, kuma ga wasu ba sa dawowa: bikin da aka yi, baƙon da ya zo, alkawarin da aka ɗauka. Haɗarin mutuwa ƙarami ne, kusan 2 cikin kowace jinya 100,000 bisa wani babban nazari na 2017, daidai da na ƙaramar tiyata da ake sa barci.

Dawowar lantarki ga sikizofiriniya ta biyo ta ƙunƙuntar hanya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba sa jin magungunan farko. Ga waɗannan akwai kulozafin, maganin da ya fi kowanne ƙarfi amma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma shi ma ba kowa yake ɗauka ba. A 2015 Georgios Petrides da abokansa a New York suka buga gwaji a kan mutum 39 da kulozafin ya gaza a kansu: rabin waɗanda aka ƙara wa lantarki sun samu sauƙi a fili, cikin waɗanda aka bari a kan ƙwaya kaɗai kuwa babu ko ɗaya. Wani gwaji a Barazil, wanda aka kwatanta jinyar gaske da ta kwaikwayo, bai sami irin wannan bambanci ba, don haka muhawara na nan. Hukumar tantance jinya ta Ingila tun 2003 ta amince da lantarki ga sandarewa, ba ta amince a mayar da ita jinyar yau da kullum ta sikizofiriniya ba. A ganina nan ne gaskiya ta tsaya. Ga sandararren da ya daina ci da sha, lantarki na iya ceton rai cikin kwanaki. Ga wanda duk ƙwayoyi suka gaza, ƙofa ce da ta cancanci a ƙwanƙwasa. Ba ta warkar da ciwon daga tushe, kuma in aka daina shan magani bayanta, ciwon kan dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gyaran shekarun 1950 ya makara a hanyarsa ta zuwa wurinmu. Rubuce-rubucen likitocin Najeriya da kansu sun nuna cewa har cikin shekarun 2000 ana yin jinyar a wasu asibitoci ba tare da allurar barci ba. Dalilin ba mugunta ba ce. Likitan sa barci ne babu, ko kayan aiki, ko kuɗin da dangi za su biya. Amma uzuri ba ya mayar da tsagaggen ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira tun 2005 a daina irin wannan, Indiya kuma ta haramta shi da doka a 2017. A nan gida, dokar mahaukata ta 1958 ita ta ci gaba da mulki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ɗauki mara lafiya a matsayin mai haƙƙi, mai bakin cewa e ko a'a. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma wasunsu na ta ficewa waje.

Wanda ya ƙi asibiti don tsoron shokin, ya dubi inda ake kai marasa lafiyar a madadinsa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa, bayan makonni aka ga irinsa a Daura. Cikin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje akwai masu taɓin hankali da iyayensu suka rasa yadda za su yi. Ba na ɗora wa iyayen laifi, gajiya da rashin mafita ne suka kai su. Addu'a da ruƙiya kuma ba sa hana zuwa asibiti, ana iya haɗa su. Turu da sarƙa ne ba su taɓa warkar da kowa ba.

Nauyi na kan hukumar birnin tarayya ta tabbatar duk inda za a yi wannan jinya a ƙarƙashinta akwai likitan sa barci da oksijin da na'ura ta zamani, ta kuma sa ma'aikatan manyan asibitocin gefen gari, irin na Karshi, su iya gane sandarewa su tura mai ita da wuri kafin ƙishirwa ta kashe shi. Kai kuma ɗan'uwa, in aka kawo maka wannan shawara a kan naka, kada ka gudu kuma kada ka sa hannu a makance. Tambayi likita waɗanne magunguna aka gwada kuma na tsawon wane lokaci. Tambaye shi ko za a sa barci da allurar saki jiki, sau nawa za a yi, me za a yi game da mantuwa, wane magani za a ci gaba da sha bayan an gama. In mara lafiyar na iya fahimta, a yi maganar a gabansa a ji ta bakinsa. In aka ce maka babu allurar barci, ka nemi a tura ku inda take.